Kifin da Yaya Ya Zaɓa

Haɗejiya, 3 ga Rajab, 1371

Zuwa ga yayana Ya'u masunci, a Auyo.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a gaida Iya da mutanen gida. Bayan haka, Yaya, wata bukata ce ta taso mini. Matar Baturen gyaɗan da nake wa kuku ta dawo daga Ikko da wani akwatin gilashi, bai fi kamu biyu ba, cike da ruwa, da jajayen kifi huɗu a ciki. Ba na ci ba ne, kallonsu kawai ake yi. Kada ka yi dariya, ni na riga na gama tawa.

Tana son a ƙara mata kifin ƙasarmu. Ni kuma bakina ya ja mini, na ce duk kogin nan babu kamar yayana. Don Allah ka aiko mini da ƙanana masu rai, kamar ɗan yatsa, waɗanda ba sa faɗa. Shekarata tara a gidan nan, amma yanzu akwai wani kukun Kano da ke ta zarya a ƙofa da takardar shaidarsa, Maigida kuwa yana kallonsa. Ka fitar da ni kunya.

Ƙaninka, Bakari.

Auyo, 9 ga Rajab

Zuwa ga Bakari. Malam Hamman ne ke rubuta mini.

Sallama. Iya tana amsawa. Na ji saƙonka, kuma bai yi mini daɗi ba. Ƙananan kifin da kake nufi mata ne ke kwasarsu da kwando a bakin fadama. Tun kakanninmu ba a taɓa kai irinsu gidan babban mutum da sunan gidanmu ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Da ba ka bar ruwa tun kana ƙarami ba, da ba sai an gaya maka wannan ba.

Duk da haka na cika maka sharaɗinka. Kwana uku ina kan gora a kogi ina su kafin na samu wanda ya dace. Guda ɗaya ne, tsawon yatsa, amma ɗan asali ne. Ga shi nan a tulu. A canza masa ruwa.

Wassalam, Ya'u.

Haɗejiya, 27 ga Rajab

Yaya, ina gaisuwa, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Kifinka ya iso lafiya, Uwargida ta yi murna har ta ba ni tsohuwar rigar Maigida. Ta fi son shi a kan jajayen, wai yana da natsuwa, yana tsayawa wuri ɗaya kamar mai tunani. Sai ranar Talata aka wayi gari jajayen sun koma uku. Aka ce kyanwa ce, aka kore ta daga gidan, aka yi wa akwatin murfi. Jiya sun koma biyu, murfin kuwa yana inda yake.

Ni ne mai zuba musu abinci, ba wanda ke taɓa akwatin sai ni. Maigida ya kira ni gaban tebur ya tambaye ni ko sayarwa nake yi. Yaya, shekara tara ban taɓa ɗaukar ko ƙwayar sukari ba. Ya ce in ɗaya ya sake ɓata, in tafi, kuma babu takardar shaida. Ka san babu Baturen da zai ɗauki kuku ba takarda.

Na lura naka ya yi ƙiba. Don girman Allah ka gaya mini, wane irin kifi ka aiko?

Bakari.

Auyo, 1 ga Sha'aban

Bakari, ƙanena, Allah ya sa takardar nan ta riske ka da wuri.

Ɗan giwan ruwa ne. Na ɗauka kana gani za ka gane shi. Na kuma ɗauka a wani tafki za a sake shi a bayan gida, don ban yarda akwai mai tsare kifi a akwati ba, na zaci fasalin maganarka ce ta mutanen bariki. Wannan natsuwar da take yabo kwanto ne yake yi. Duk abin da ya shiga bakinsa zai haɗiye, kuma ba zai bar ko ɗaya ba.

Ka cire shi yau. Na sa Yakaka matata ta kwaso maka ƙananan da ka nema tun farko, ni da kaina zan kawo su, kowa ya gani. Na yi kuskure, raina ya ɓaci ƙwarai. Ban gaya wa Iya ba.

Yayanka, Ya'u.

Haɗejiya, 4 ga Sha'aban

Yaya, na samu takardarka.

Ka ce in cire shi. In na cire shi a ɓoye, kifi ya sake ɓata ke nan, kuma wanda ta fi so. In na bar shi, zai ci na uku. Yini guda ina zagaya akwatin nan kamar kazar da za ta yi ƙwai. Da la'asar na je na faɗa musu gaskiya duka.

Uwargida ta daɗe tana kallon kifin. Maigida ya yarda ni ba ɓarawo ba ne. Sannan ya ce, “Ɗan masunta, amma ba ka san kifi ba? To me kake dafa mana shekara tara?” Kukun Kano zai fara aiki ranar Asabar. Takardar shaidar kuwa, Maigida ya ce zai yi tunani.

Kada ka wahalar da Yakaka, ba a bukatar ƙananan kuma.

Bakari.

Haɗejiya, 7 ga Sha'aban

Yaya, gaisuwa.

Bai ba ni takardar ba. Ina tafe ranar Laraba da kayana. Kifinka ma an sallame shi, yana nan a tulu da ransa, ka nuna mini inda ka kama shi in mayar. Ka gaya wa Iya tun kafin in iso, ni ba zan iya ba.

Ƙaninka, Bakari.