Na Hura Wuta da Kwalinka

Baban yara,

Na tafi asibiti wajen Inna, ban so in tashe ka ba.

Kada ka wahala neman kwalin nan da kake cusawa a ƙirji don tare iska. Na hura wuta da shi. Gawayi ya ƙi kamawa, na ga kwali a bayan ƙofa, na ɗauka shara ce. Sai da wuta ta ci rabinsa na lura ya lanƙwashe daidai ƙirjin mutum. Ka yi haƙuri. Ruwan wankanka dai ya yi zafi, yana kan murhu.

Na birkice gidan nan ban samu wani ba, mai shago kuma bai buɗe ba. Na ɗora maka suwaitata a kan babur. Na sani, ja ce, kuma da furanni. Ka sa ta daga ciki, ka ja zif ɗin rigarka har wuya. Wane fasinja ne zai buɗe ka ya duba?

Da ina da iko, yau ba za ka hau babur ɗin nan ba. Amma ko makulli na ɓoye sai ka fita, ni ma ba ni da bakin hana ka, tunda da shi muke ci.

Jiya da kake danne tari da filo, idona biyu.

Don Allah ka sa suwaitar.

Matarka