Hadiza Na Jiran Kara

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina Inna da yara, ya zafin Yamai? Mu lafiya lau, amma raina a ɓace yake.

An koma karatu a lakwal a Tasawa, ƙanwata Hadiza na gida. 'Ya'yan ma'aikata suna ajin siminti, ajin su Hadiza kuwa rumfar kara ce, ba a kafa ta sai bayan girbi. Na tambayi mushe, malaminsu, wai, "Ku kawo kara." Gero bai ko bushe ba! Kuma jarrabawa guda za su zauna.

Ni da na koyi karatu a jikin kwalayen kanti, ni ne mushenta yanzu. Kawu, ka ɗauke ta wurinka tun shekarar ba ta lalace ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ɗanka, Sani