Hannun Inna

Ranar Ƙaramar Sallah da dare, ƙauyenmu na Kunci

Na gaji liƙis, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Can garinmu a Malesiya, ranar Sallah mukan durƙusa gaban uwa, mu ɗora hannunta a goshi, mu nemi gafara. Bara, sallata ta farko a gidan nan, na yi wa Inna, mahaifiyar maigidana, haka. Ta fizge hannunta ta ce, "Ke, mene ne haka?" Matan gida suka yi ta dariya, na shige ɗaki na sha kuka.

Bana mahaifiyata ta rasu. Yau da safe na kai wa Inna tuwo, na gaishe ta daga bakin ƙofa, na juya.

Sai ta ce, "Nuraini, dawo. Mijinki ya faɗa min ma'anar abin nan naku." Ta goge hannunta da gefen zani, ta miƙo min, tana kallon bango don kunya. "To, yi mana. Ko ni ba uwa ba ce?"

Hannun na ƙanshin daddawa. Na daɗe ban sake shi ba, ita ma ba ta janye ba. Alhamdu lillahi.