An Goga Katina Sau Biyu

Litinin, 6 ga Oktoba

Na karɓo Tsohuwa daga gareji. An sa mata sabon kuloci, tafiya take kamar ba ita ba. Motar kaya ce, da ita nake ci, dole in biya ko ina so ko ba na so. Matar da ke da garejin, wadda kowa ke ce wa Uwar Gareji, ta goga katin bashina a na'ura. Na'urar ta tsaya tana nazari, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai ta sake gogawa. Ta miƙo mini makulli ta ce, "Mijin Tsohuwa, ka daina kwantar da ƙafa a kan kuloci, ba katifa ba ce." Ban yi dariya ba.

Sai da na zo ɗaki na duba waya: kuɗin sun fito sau biyu. Duka a rataye, ba su shiga hannunta ba, ba su dawo gare ni ba, amma sun cinye gurbin da ya rage a katin. Kuma da gurbin nan zan sayi tikitin jirgin zuwa gida. Mai tikiti ya riƙe mini kujera zuwa yammacin Juma'a, bayan nan ya ce ba ruwansa.

Mako mai zuwa za a yi wa Yaya aikin ido. Ɗayan ya riga ya tafi, wannan kuma likita bai yi alkawarin komai ba. Ta ce mini a waya, "Auta, ka zo in ga yadda ka tsufa tun ina iya gani." Ita ta goye ni. Me zan ce mata, na'ura ce ta hana?

Talata, 7 ga Oktoba

Na kira banki daga bakin titi, kaya a bayan mota. Wata murya mai ladabi kamar an wanke ta da sabulu ta ce kuɗin da ke rataye ba a tsayar da su, ba a ƙalubalantarsu. Ko in jira su faɗi da kansu nan da mako guda, ko mai shagon ta sa a soke. Na ce mako guda ba ni da shi. Ta ce ta fahimci damuwata. Kowa a ƙasar nan ya fahimci damuwata.

Da raina ya ɓaci sai na buɗe manhajar banki, na ga wurin da aka rubuta "Ban san wannan ciniki ba". Na danna a kan na farko, na danna a kan na biyu. A zatona ƙara ce kawai na kai. Kafin in ajiye waya saƙo ya shigo: an rufe katin, za a ba ni sabo.

Na wuce gareji da zafina. Uwar Gareji tana cikin rami ƙarƙashin wata mota, fitila a goshi. Na faɗi abin da na faɗa, da maganar tikitina, har da kalmar sata, a gaban ma'aikatanta. Ta fito, ta goge hannu, ta karɓi wayar da yatsu biyu don kada ta ɓata ta da baƙin mai. Ta duba ta ce, "Laifina ne. Da na jira ta gama, da ba haka ba. Ka ba ni zuwa gobe." Shi ke nan. Ni da na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan sauke shi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na koma in ga ko da gaske take. Tun daga ƙofa na ji kiɗa na tashi a garejin, irin wanda kamfani ke sa wa mutum idan an ce ya jira. Ta jefa wayarta cikin tsohon gwangwanin mai don ƙarar ta fito, ta ajiye shi a bakin rami, tana ƙasa tana ɗaure birki. Tun safe take kan layin kamfanin na'urar. In murya ta fito sai ta ɗago kai ta yi bayani tiryan-tiryan, a mayar da ita ga wani, kiɗa ya dawo, ita ma ta koma kan sifana. An katse ta, ta sake kira. Ban ji ta ɗaga murya ba, ban kuma ji ta yarda da "sai mako mai zuwa" ba. Cewa take, "To ba ni wanda ke sama da kai, ina nan, ba inda za ni."

Mai Walda, dattijon da ya daɗe yana aiki da ita, shi ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, me ka gaya wa bankinka? An daskarar mata da kuɗin cinikin mako kaf, wai ana bincike. Asabar kuma ranar albashinmu ce." Ita ba ta faɗa mini ba. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Wannan tsakanina da su ne. Kai dai yaushe jirginka?"

Sai da zan tafi ta dube ni ta ce, "An ce ka ce ba ka san ni ba. Ni dai na san motarka ciki da waje."

Alhamis, 9 ga Oktoba

Da safe lambar sabon kati ta fito a waya. Wayam, ba kuloci ba komai, gurbi ya ishe ni tikiti har da canji. Tunda na ce ban san cinikin ba, banki ya ɗauke mini duka biyun.

Dogo, abokin zamana a ɗaki, har rawa ya taka da cokali a hannu. "Sayi tikitinka, mutumina! Kuloci kyauta! Su nawa suka cuce ka a garin nan, wa ya dawo maka da ko sisi?" Gaskiya ya faɗa. Mai gidan da ya cinye mini kuɗin ajiya yana nan da tumbinsa. Amma ba shi ne cikin ramin nan ba.

Na kira banki na tambaya, in na janye ƙarar fa? Muryar ta ce za a ɗora kuɗin gyaran a sabon kati nan take, na biyun ma zai biyo shi ya rataye har sai kamfanin na'ura ya aiko da sokewa. Wato in koma inda na fito, Juma'a kuma gobe. Na ce in na bari sai bayan na sayi tikiti? Ta ce bincike in ya shiga mataki na gaba, sai ya yi makonni kafin a saki kuɗin mai shago.

Na zauna a mota na kasa tayar da ita. Na tuna Yaya. Na tuna Mai Walda da Asabar ɗinsa. Na sake kira na ce, na san cinikin, na san matar, gyara ta yi mini kuma ya yi kyau, kuskure ɗaya ne na gogawa. Ina kallo gurbin ya cike. Dogo ya ce a kai ni asibiti a duba kaina.

Ban gaya wa Yaya komai ba. Ta kira tana tambaya ko har yanzu ina shan shayi ba sukari.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ban fita aiki ba, gareji na tafi na zauna kan tsohuwar taya. Da ta ji abin da na yi, ba ta yi godiya ba, ni ma ban so ta yi ba. Cewa ta yi, "To yanzu saura nawa aikin." Ta mayar da mota biyu da aka kawo, ta ce su dawo Litinin. Mace mai ma'aikata a wuya, kuɗinta a daskare, tana korar ciniki saboda wanda ya kira ta ɓarauniya.

Yau ba gwangwani. Ta zauna a ofis, wayarta a kunne ɗaya tana magana da kamfanin na'ura, tawa a ɗayan tana magana da bankina. Kowanne na cewa ɗayan yake jira. Sai ta haɗa wayoyin biyu baki da baki a kan tebur ta ce, "Ga ku ga juna. Ku gaisa." Mai Walda ya yi dariya har da tari. Suka kuwa yi magana, wannan ya karanta wa wancan lambar sokewa, mu muna tsaye a kansu.

Bayan nan jira. Mai tikiti ya kira sau biyu yana cewa zai rufe. Ina ta jan fuskar waya da yatsa har ta yi zafi. Ta ce, "Za ka huda ta, Mijin Tsohuwa." Rana ta yi sanyi sosai kafin kuɗin nan na biyu da ke rataye su ɓace. Na karanta wa mai tikiti lambar kati. Kuɗin suka shiga.

Na juya in ce wani abu, ta riga ta koma rami.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mai Walda ya ce an saki kuɗinta da rana, an biya kowa. Na je na ba ta haƙuri a gaban waɗanda na zage ta a gabansu. Ta ce, "Na ji. Matsa, kana tare mini haske."

Laraba, 15 ga Oktoba

Gida. Yaya ta sa an fito da ni tsakar gida inda akwai rana, ta kama fuskata da hannu biyu ta kawo ta dab da idon mai gani, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kai, Auta, furfura har a gira." Gobe da safe za a shiga da ita.

Tana riƙe da hannuna ta tambaye ni wai can inda nake akwai mutanen kirki kuwa. Na buɗe baki in ba ta amsar da na saba, wato babu. Sai na ji na ce, "Ba a rasa ba, Yaya." Ta ce in ba ta labari. Na ce labarin kuloci ne, ba zai yi mata daɗi ba. Ta ce yau ba ta da aikin da ya wuce saurare.