Na Faɗa wa Likita da Bakina

Assalamu alaikum Umma,

Ina gaishe ki da Baba. Ya ƙafar Kaka?

Kada hankalinki ya tashi, na ɗan yi fama da zafin fitsari, amma na warke. Da farko na ɓoye, don a gida ke kike yi wa likita bayani, ni ina kallon ƙasa. Ranar da zaman aji ya gagare ni, na je asibiti ni kaɗai, na faɗa da bakina! Likita ta ce ƙwayoyin cuta ne a mafitsara, ta rubuta min magani. Ko da zafin ya tafi ban daina sha ba, sai da na shanye tas.

Ki ce wa Yaya mai kirana bebiya ya nemo min wani sunan.

A sa ni a addu'a.
'Yarki