Gwiwar Tacho da Igiyar Shanya

Teocaltiche, kwana uku bayan bikin tunawa da matattu

Zuwa ga jikana Anastasio, Tachona,

Ina gaishe ka, ɗana, gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya sanyin Sifaniya? Suna ba ka wake kuwa, ko kullum kifi? Yaya gwiwarka ta hagu? Mu nan lafiya, sai tarin nan nawa da ka sani. Don Crisóforo ne yake buga mini wannan da tafiretarsa a rumfar dandali. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kar ya sa mini manyan kalmominsa.

Shi yake karanta mini jarida duk Litinin. Ya ce wasa goma sha ɗaya ke nan ba ka ci ƙwallo ba, har sun zaunar da kai a benci. Ni da farko murna na yi, na ce sun ga ƙoƙarinka ne suka ba ka wurin hutawa. Sai ya cire tabarau ya ce, Doña Nicanora, ɗan wasan gaban da ba ya cin ƙwallo kaza ce da ta daina ƙwai, kin kuwa san tukunyar da take ƙarewa. Tun ranar abinci ba ya wuce mini.

Tacho, laifina ne. Akwai abin da na ɓoye maka shekara takwas.

Ka tuna lokacin da gwiwarka ta fashe kana ɗan shekara goma sha bakwai, likita ya ce kai da ƙwallo har abada? Washegari na hau mota na tafi San Juan, na durƙusa gaban Budurwa Maryamu a cocinta na yi bakance. Na ce mata, Uwa, in kika tayar da yaron nan ya sake gudu, ranar da ya sa rigar ƙasa zai shigo miki da gwiwa, tun daga ƙofar waje har gaban bagadenki.

Zancen rigar ƙasar nan, wayo na so in yi mata, Allah ya yafe mini. Na ga abu ne mai nisa. Lokacin ƙungiyarku ko mota ba ta da ita, a motar ɗaukar madara ake kai ku wasa. Ina zan san za a ɗauke ka a Guadalajara, ka ci ƙwallo goma sha tara a shekara ɗaya, daga nan babban birni, daga nan ƙetaren teku? Ni dai hotuna kake aiko mini, rigar yau daban ta gobe daban, ban san wacce ce wacce ba.

Sai a satin nan Don Crisóforo yake ce mini ai tun watan Afirilu ka sa koriyar rigar nan ta ƙasa. Wai minti goma kawai, wai kuma wasan sada zumunta ne. To minti goma ma sa riga ce? Ban sani ba. Na sa shi ya buɗe tsofaffin jaridu, sai ga shi tun daga wannan ranar ba ka sake cin ko ɗaya ba. Budurwa ta fara karɓe ƙwallayen ne, ɗana. Ina tsoron in ta gama da su ta dawo kan gwiwar.

Ka zo ka cika. Kar ka yi fushi da ni.

Kakarka da ta goye ka,
Nicanora Zermeño

Teocaltiche, ana saura sati ɗaya Kirsimeti

Tachona,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da gwiwar. In ka ga rubutun ya karkace, ƙawata Herlinda ce take rubutawa, ta ce a gaya maka biron ne ba hannunta ba.

Wasiƙarka ta iso, amma har yanzu ban san abin da ka ce ba. Shafi biyu ce cike, Don Crisóforo ya karanta mini ita cikin numfashi uku. Wai ka ce kana ƙaunata, kuma za ka zo ka cika da zarar ka samu sarari. Na ce shafi biyu fa, Don? Ya ce sauran gaisuwa ce. Na kai wa Herlinda, ita kuma ta karanta mini wani abu dabam. Wai ka ce in bar wannan zancen, ƙwallo takan gudu takan dawo. Wai ka sa hannu a takarda ba za ka hau doki ko babur ba, likitan ƙungiyarku kuwa in ya ji ka ja gwiwar da aka yi wa aiki a kan dutse, shi ne zai fara suma. Shi Don yana ƙarya don tausayi, ita Herlinda idonta ba ya gani sosai. Tana hararata yanzu, amma na ce ta rubuta. Wa zan bi?

Na je wurin Fada Ausencio na faɗa masa komai. Dariya ya yi, ya ce Budurwa ba 'yar sanda ba ce, zai iya juya mini bakancen ya koma kyandir da ciyar da mabukata. Na yi godiya na fito. Amma Tacho, Fada ba ya nan lokacin da muka yi maganar da ita. Na ce to ni in yi a madadinka. Herlinda ta ce ba ya yiwuwa tunda sunanka na ambata, kuma ta tuna mini duwatsun nan na gefen hanyar San Juan, waɗanda ake cewa mutane ne da suka yi alkawari suka juya ba su cika ba, suka zama dutse. Na sha wuce su, ban taɓa yarda na dube su sosai ba.

Yanzu kuma jarida ta ce ƙungiyar ƙasa ta sake kiran ka, za ku yi wasa a babban birni cikin Janairu. Na ce to madalla, ga shi ya zo gida. Sai aka ce kwana huɗu ne, kuma kulle ku ake yi a otal kamar 'yan makarantar kwana. Ban gane ba. Mutumin da ba ya wasa a can, me ya sa ake kiransa a nan? Don Crisóforo ya ce 'yan wasa biyu ne suka ji rauni. Wannan ma bai kwantar mini da hankali ba.

In dole sai ka sa rigar, ka sa wata a ƙarƙashinta, kar koriyar ta taɓa fatarka. Wataƙila a ɗaga mana ƙafa.

Herlinda na gaishe ka, ta ce ka yi aski.

Kakarka,
Nicanora

Teocaltiche, kwana biyu bayan bikin kyandir

Tachona, ɗana,

Ina gaishe ka. Ka koma lafiya? Gwiwar ta kumbura? Ka gaya mini gaskiya. Yau Don Crisóforo ne yake bugawa, Herlinda na tsaye a kansa tana dubawa, don kar wani ya cuce ni.

Na gan ka. A shagon askin Don Apolinar muka kalla, ya ba ni kujerar askin na zauna. Talabijin ɗinsa ba launi, dukanku toka-toka kuke, ƙanana kamar kiyashi, duk wanda na nuna sai a ce ba kai ba ne. Can bayan hutun rabin lokaci aka ce ga ka nan ka shigo. Ban ga ƙwallon ba sam. Ihu kawai na ji, Don Apolinar ya jefar da almakashi, wani da aka aske masa rabin kai ya rungume ni. Sai na ga mutum ɗaya ya zube a kan gwiwoyinsa bai tashi ba, aka ce kai ne. Na ja mayafi na rufe fuskata. Na ce shi ke nan, Budurwa ta bar shi ya ci ta ƙarshe, ta karɓi abinta.

Herlinda ce ta fizge mayafin. "Nicanora, buɗe idonki, tafiya yake yi!"

Na ga kana jan gwiwa a kan ciyawa, hannuwanka a haɗe, abokanka na ta ɗaga ka kana ture su. Har mai baƙin kayan nan mai busa usur ya zo ya ɗaga maka wata 'yar takarda, sannan ka miƙe. Na ɗauka hoton Budurwa ya nuna maka. Aka ce horo ne, don ka ɓata musu lokaci. Jarida kuma wai ta ce sabon salon murna ne ka koyo a Turai.

Na yi kuka, ɗana. Amma da na koma gida sai tsoron ya dawo. Ciyawa ai ba dutse ba ce, filin ƙwallo kuma ba coci ba ne. Ta karɓa? Fada Ausencio ya ce wannan ba a koya musu ba a makaranta.

Sai na kwance igiyar shanyata. Muka je filin garinmu, Don Apolinar ya kwatanta mana a kansa inda ka zube da inda aka tayar da kai yadda ya gani a talabijin, suna ta musu da Don Crisóforo, muka auna: igiya bakwai da rabi. Ran bikin kyandir na bi 'yan ziyara zuwa San Juan da igiyar a jaka. Mutane kamar ƙasa, ana tattake mu, muna awo da igiyar wani mai gadi yana tambayarmu ko kafet za mu saya wa cocin. Daga ƙofar waje zuwa bagade, igiya tara.

Saura ɗaya da rabi. Na ce wa Herlinda ta riƙe mini jaka. Ta ce ba ya halatta, sunansa kika faɗa. Na ce gwiwar nan tawa ita ta haifi uwarsa, ai duk gwiwa ɗaya ce. Na durƙusa na ja. Ban san igiya tana da tsawo haka ba, shekara talatin ina shanya a kanta. Da na isa na ce mata, Uwa, ga bakwai da rabi nasa, ga ɗaya da rabi nawa, ki haɗa. Ban dai zama dutse ba. Maza biyu ne suka tayar da ni.

Yanzu Don Crisóforo ya tsayar da bugu yana ce mini wai filin babban birni ya fi namu girma, wataƙila kai kaɗai ma ka cika taran. Sai yanzu yake faɗa, bayan kwana biyu ina kwance da ganye a gwiwa. Ban sani ba, Tacho, kaina ya ɗaure. In ya yi yawa, ta ajiye mana rarar, don Herlinda ta ce akwai wata babbar gasa tana zuwa, ni kuma na san bakina, sai ya sake yin wani bakancen.

Ka amsa mini a shafi ɗaya, da manyan baƙaƙe, su biyun za su karanta tare.

Kakarka mai gwiwa biyu a kumbure,
Nicanora Zermeño