Kwasar Afrilu

Asabar, 6 ga Maris 2004
Aissa ta zo, wannan 'yar Maraɗin mai sayar da ƙosai a bakin layinmu. Tana so ta shiga adashina, kuma wai a ba ta kwasar Afrilu. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, za ta mutu ƙarshen Afrilu, kafilinta, ɗan ƙasar da ya tsaya mata, na neman riyal dubu uku kafin ya sabunta. Na gaya mata dokata: wanda ba a Jidda aka haife shi ba, shi ne na ƙarshe a kwasa. Shekara sha tara ina uwar adashi a unguwarmu ta Karantina, haka nake yi. Baƙo yana iya kwasa yau, gobe a kama shi a sa a jirgi.
Ta ce, "Yaya Dela, shekarata takwas nan, na taɓa cin sisin wani?" Ba ta taɓa ba. Amma doka doka ce. Afrilu ma tawa ce.

Talata, 9 ga Maris
Firizata ta mutu. Zoɓo da kunun aya na riyal tamanin duk sun lalace.

Laraba, 10 ga Maris
Na je neman sabuwar firiza a shagon kayan wuta da ke bayarwa a biya wata-wata. Mai shagon ya yi ta fara'a har sai da na miƙa iƙama. Ya juya ta, ya ce sai na kawo ɗan ƙasa ya tsaya mini. Na ce a garin nan aka yanke cibiyata, shekara hamsin da ɗaya. Ya ce, "Ya hajja, ba ke ba ce, tsari ne. Irinku kan tafi." In tafi ina? Kano ko a mafarki ban san ta ba.
Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban ci abincin rana ba.
Halas, shi ke nan, kwasata na zuwa, in saya kuɗi hannu.

Lahadi, 21 ga Maris
Aissa ta sayar da 'yan kunnenta, ɗari bakwai kawai. Ba ta sake yi mini maganar ba. Ta gaishe ni, har ta ƙara mini ƙosai uku. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 1 ga Afrilu
An haɗa kuɗi. Na ba Aissa kwasata, ni na koma ƙarshe, Disamba. Zakiya, wadda muka fara adashin nan tare, ta ce, "In aka kama ta, wa zai biya?" Na ce ni. Ta ce to dokar fa? Na ce doka tana nan, musaya kawai muka yi.
Ba wani abu ba ne. Ƙanƙara zan riƙa saya ina zubawa a kula, zafi bai yi tsanani ba tukuna.
Akwai wata Fatouma daga Cadi da ke son shiga zagaye na gaba. Na rubuta sunanta na huɗu. Ban gaya wa Zakiya ba.